Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalori da Sinadaran Gina Jiki da Ke Cikin Kayan Lambu

Alƙaluman da ke cikin amsoshin nan na ɗanyen kayan lambu ne, a ma'aunin giram 100, sai inda aka bayyana akasin haka. Akasarinsu sun yi daidai da abin da ke cikin jadawalin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda masana abinci a ƙasashe da yawa ke dogara da shi, kuma ya kamata a ɗauke su a matsayin ƙiyasi na kusa, domin ba a taɓa samun tumatir biyu da suka zo daidai ta kowace fuska ba.

Mene ne kalori, kuma daga ina yake fitowa a cikin abinci?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, wanda da shi ne zuciya ke bugawa, numfashi ke tafiya, gaɓoɓi ke motsi. Abin da ake rubutawa a jikin kwalin abinci da sunan kalori shi ne adadin zafin da zai ƙara wa kilo ɗaya na ruwa digiri ɗaya na ɗumi. Abubuwa uku ne ke ba da wannan ƙarfi a abincin yau da kullum: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin shi ma 4, giram ɗaya na mai ko kitse kuwa 9. Wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater ne ya tsara wannan lissafi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da shi ake aiki.

Ruwa da bitamin da ma'adanai irin su kalsiyam da sinadarin ƙarfe ba su da kalori ko kaɗan. Wannan shi ne dalilin da ya sa abinci zai iya zama marar kalori sosai amma yana da matuƙar amfani, wani kuma ya cika da kalori alhali ba ya ɗauke da komai bayan ƙarfin. Babban mutum yakan buƙaci kimanin kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, amma manomi a tsakiyar damina, ko mai dako a kasuwa, ko mace mai shayarwa, buƙatarsu ta wuce ta mai zaman ofis.

Kalori nawa ne a cikin kayan miyan da aka saba saya?

Kaɗan ne ƙwarai. Kokwamba da latas suna da kimanin kalori 15 kowannensu, tumatir 18, koren tattasai 20, jan tattasai wajen 30. Kabeji da yalo suna kusa da 25, kabewa 26, koren wake 31, kuɓewa 33. Albasa da barkono mai yaji suna da wajen 40, karas kuma 41. Idan aka kwatanta da dafaffiyar farar shinkafa, wadda ke da kalori 130 a giram 100, ko gyaɗa mai kalori 567, za a ga cewa tazarar tana da faɗi.

Sirrin ba wani abu ba ne illa ruwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyin tumatir da kokwamba da latas ruwa ne, kuma ko karas da albasa, waɗanda ake gani da tauri a hannu, ruwan da ke cikinsu ya kai kashi 88 zuwa 89. Ɗan abin da ya rage shi ne sukari kaɗan, da furotin kaɗan, da faiba, wato zaruruwan nan na tsiro da cikin mutum ba ya narkar da su amma suke taimaka wa hanji wajen fitar da bahaya. Tafarnuwa ta fita daban da kalori 149, sai dai babu wanda ke cin giram 100 na tafarnuwa a zama ɗaya, saboda haka wannan adadi ba abin damuwa ba ne.

Yaya mutum zai gane giram 100 idan ba shi da ma'auni?

A kasuwa da kashi ake saye, ko da kwando, ko da ɗauri, don haka tambayar tana kan hanya. Dogon tumatir irin wanda ake nomawa a Kadawa da Ɗanja yakan kai giram 60 ko ɗan fiye, ke nan biyu sun ɗan wuce giram 100. Matsakaiciyar albasa ɗaya ta kai wannan nauyi, haka ma matsakaitan karas biyu, ko kuɓewa bakwai zuwa tara gwargwadon girmansu. Ganye ne ke yaudarar ido. Giram 100 na gyararren alayyafo yakan cika kwano, amma da zarar ya ji wuta sai ya koma abin da bai wuce cikin ludayi ba. Wannan ya sa ɗauri biyu na alayyafo a tukunyar mutum goma ke zama kamar ba a saka komai ba, kuma a zahiri abin da kowa ya samu a kwanonsa bai taka kara ya karya ba.

Me ganyayen miya irin su alayyafo da zogale da lalo suka ƙunsa?

A nan ne arzikin yake. Alayyafo yana da kalori 23 kacal, amma yana ɗauke da kalsiyam miligiram 215, da sinadarin ƙarfe miligiram 2.3, da bitamin C miligiram 43, da fotasiyam fiye da miligiram 600. Lalo, wanda wasu ke kira ayoyo, yana da kalori 34, furotin kusan giram 5, kalsiyam wajen miligiram 200, sinadarin ƙarfe kuma kusan miligiram 5. Zogale ya fi su nauyi, domin ruwan da ke cikinsa bai kai nasu ba: kalorinsa 64, furotin giram 9 da ɗoriya, kalsiyam miligiram 185, sinadarin ƙarfe miligiram 4. Dukkansu uku suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da kuma folet, wani nau'in bitamin B da mai juna biyu ke matuƙar buƙata.

Abin lura shi ne, waɗannan ganyaye sun fi latas da kabeji da kokwamba amfani nesa ba kusa ba, duk da cewa a birane su ake ɗauka a matsayin abincin wayewa, ana kallon kwaɗon rama ko na tafasa a matsayin cimar ƙauye. Ƙa'idar da ba ta cika kuskure ba ita ce, gwargwadon duhun korewar ganye, gwargwadon abin da ya ƙunsa. Rama da yakuwa da gasaya da karkashi da ganyen kabewa da ganyen wake duk suna cikin wannan sahu. Haka kuma alayyafon da ake sayarwa a kasuwanninmu ba tsiro ɗaya ba ne da alayyafon Turawa da ake gani a littattafan waje, ko da yake kalorinsu ɗaya ne. Namu ya ninka nasu a kalsiyam, domin nasu bai wuce miligiram 99 ba.

Da gaske ne zogale ya ninka lemo da madara da nama wajen amfani?

Zogale ganye ne mai daraja, kuma ba banza ba ake noma shi da yawa a kewayen Maraɗi da sauran wurare, amma an yi masa ƙari a tallace-tallace. Yawancin kwatancen da ake yaɗawa ana yin su ne tsakanin busasshen garin zogale da ɗanyen abinci mai cike da ruwa, kuma wannan ba adalci ba ne a lissafi, domin duk abin da aka busar sinadaransa sukan taru a ɗan nauyi kaɗan. Lita guda ta madara mutum na iya shanye ta a rana, amma babu mai iya cin kilo guda na garin zogale. Babban cokali ɗaya na garin, wanda shi ne abin da ake zubawa a kunu ko miya, furotin ɗinsa bai wuce giram 2 ba, alhali mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 a rana.

Dangane da bitamin C kuwa, jadawalin Amurka ya ba ɗanyen ganyen zogale miligiram 52, lemon zaƙi kuma 53, wato kusan kunnen doki. Wasu gwaje-gwajen sun samu fiye da haka a zogale, amma ko da an ɗauki adadi mafi girma, da zarar an tafasa ganyen an matse shi, ko an shanya shi a rana, mafi yawan bitamin C ɗin ya tafi. Wanda ya fi cin moriyar zogale shi ne mai cin sa da yawa a kwaɗo ko dambu, ba mai lasar garinsa a matsayin magani ba.

Dankali da rogo da doya suna cikin kayan lambu?

A wajen mai lambu da mai sayarwa suna ciki, amma a lissafin abinci matsayinsu na tuwo ne. Dankalin Turawa irin na Jos yana da kalori 77, dankalin Hausa 86, gwaza 112, doya 118, rogo kuma 160, kuma kusan duk wannan daga sitaci yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ƙayyade yawan kayan lambu da ya kamata a ci a rana, ta cire dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci daga lissafin. Wannan ba ya nufin ba su da amfani, domin doya da dankali suna da fotasiyam mai yawa, dankalin Turawa kuma yana da ɗan bitamin C. Ma'anar kawai ita ce wanda ya ci doya da dankali ya ci abin da ke maye gurbin shinkafa, bai riga ya ci ganye ba.

To idan kayan lambu ba su da kalori, me ya sa miya da kwaɗo da salak ke sa ƙiba?

Mai ne, da abubuwan da ake haɗawa. A ɗauki tukunyar miyar dage-dage da aka yi da kilo ɗaya na tumatir, da albasa biyu, da tattasai giram 200. Tumatirin ya kawo kalori 180, albasar wajen 80, tattasan wajen 60, jimilla kimanin 320 ga tukunyar gaba ɗaya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuwa yana da kalori kusan 120, kuma ba abin mamaki ba ne a zuba abin da ya kai cokali goma kafin a ce miya ta soyu, mai ya taso sama. Wannan kalori 1,200 ke nan, kusan ninki huɗu na duk kayan miyan da ke ciki.

Haka lamarin yake a sauran wurare. Dafaffen dankalin Turawa yana da kalori 87, amma idan aka yanka shi sirara aka soya yakan haura 300. Yalo da kabeji da albasa suna shan mai sosai idan aka soya su. Farantin salak na latas da kokwamba da tumatir da kyar yake kai kalori 40, amma babban cokali ɗaya na mayonis, wanda aka fi sani da bama, yana da kalori sama da 90, kuma da wuya a tsaya a cokali ɗaya, ballantana idan an ƙara da wake na gwangwani da dafaffen ƙwai. A kwaɗo kuma, ƙulikuli da man da ake yaryaɗawa ne ke ɗauke da mafi yawan kalorin, ko da yake ƙulikuli ya fi mayonis hujja, tunda yana kawo furotin mai yawa tare da shi. Ba a ce a daina sa mai ba, domin kamar yadda za a gani a gaba jiki yana buƙatar sa kafin ya amfana da wasu bitamin. Abin da ake so shi ne a auna shi da cokali maimakon a tuttula daga kwalba.

Wane kayan lambu ne ya fi bitamin C?

Jan tattasai, da miligiram 128, wato fiye da ninki biyu na lemon zaƙi. Koren tattasai yana da 80, barkono mai yaji ya haura 140, sai dai yajinsa ba ya bari a ci da yawa. Kabeji yana da 37, kuɓewa 23, tumatir 14 kacal, wanda ya gaza abin da mutane da yawa ke zato. Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a rana bisa ma'aunin Amurka, ke nan rabin babban jan tattasai da aka yanka ɗanye a kan abinci ya kusa biyan buƙatar yini.

Ina ake samun bitamin A, kuma karas yana gyara ido da gaske?

Tsirrai ba su ɗauke da bitamin A kai tsaye, suna ɗauke da karotin ne, sinadarin da ke ba karas da kabewa launinsu, jiki kuma ya sarrafa shi ya koma bitamin A. Karas yana ba da bitamin A da ya kai maikrogiram 835 (maikrogiram 1,000 ne miligiram ɗaya), kabewa 426, zogale 378, lalo 278, alayyafo 146, yayin da mace ke buƙatar 700 a rana, namiji kuma 900. A ganyaye ma karotin ɗin yana nan, korewar ganyen ce ta rufe launinsa. Miyar taushe, da ta haɗa kabewa da alayyafo da gyaɗa, tana cikin miyar da ta fi kowace dacewa ta wannan fuska, domin karotin a mai yake narkewa, kuma ba ya shiga jiki sosai sai da ɗan maiƙo.

Ƙarancin bitamin A yana haddasa dundumi, wato rashin gani da zarar magariba ta yi, yana kuma raunana garkuwar jikin yara har cutar ƙyanda da gudawa su fi yi musu illa. Ga mai wannan ƙaranci, karas da ganye suna gyara ido. Amma wanda matsalarsa ta gilashi ce, ko yanar ido, ko hawan jinin ido, karas ba zai yi masa komai ba, asibiti ne wurin zuwansa. Dankalin Hausa wanda cikinsa fari ne kusan ba shi da karotin, amma wanda cikinsa ke da launin ruwan lemo yana ba da maikrogiram kusan 700, kuma saboda aikin yaɗa irin wannan dankali da makamantansa a Afirka ne aka ba masana huɗu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2016. Manja ma yana da karotin mai yawa, amma idan aka ƙona shi a wuta har jansa ya gushe, karotin ɗin ya lalace.

Ganye yana ƙara jini?

Yana taimakawa, amma ba gwargwadon yadda ake faɗa ba. Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsirrai ba irin wanda ke cikin nama da hanta da kifi ba ne, kuma jiki ɗan kaɗan yake iya tsotsa daga cikinsa. Namiji yana buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai jinin al'ada 18, mai juna biyu 27, kuma da wuya ganye kaɗai ya cike wannan giɓi na ƙarshe. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, wato folet na magani, maikrogiram 400, kuma ruwan ganyen ugu ko na zogale ba ya maye gurbin wannan ƙwaya da ake bayarwa a wajen awon ciki.

Akwai dabaru biyu masu sauƙi da ke ƙara yawan abin da jiki ke samu. Bitamin C yana taimaka wa sinadarin ƙarfe shiga jini, don haka yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kwaɗo, ko matsa lemon tsami a kai, yana da fa'ida ta gaske. Shayi kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke hana tsotsar ƙarfen, saboda haka ya fi kyau a jinkirta shan sa da kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Irin wannan matsala ta shafi kalsiyam ɗin alayyafo, domin ganyen yana da sinadarin okzalet da ke ɗaure wani kaso nasa, ta yadda abin da ke rubuce a jadawali ya fi abin da ƙashi ke samu.

Dahuwa tana kashe amfanin kayan lambu? Kanwa fa?

Ya danganta da sinadarin da ake magana a kai. Bitamin C da folet ba sa jure zafi kuma suna narkewa a ruwa, don haka idan aka tafasa ganye na tsawon lokaci aka tsiyaye ruwan, rabinsu ko fiye yakan salwanta. Faiba da kalsiyam da mafi yawan sinadarin ƙarfe suna nan ko an dafa. Wasu kuma dahuwar ce ke fito da su: karotin na dafaffen karas ya fi na ɗanye saurin shiga jiki, haka ma laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launi, ya fi samuwa a tumatirin da aka dafa da ɗan mai. Don haka babu dalilin nacewa a kan ɗanye kawai ko dafaffe kawai.

Kurakuran da suka fi yawa a ɗakin girki su ne yanka ganye kafin a wanke shi, da barin yankakken ganye ya daɗe a cikin ruwa, da zuba shi tun farkon miya har ya shafe awa guda yana tafarfasa. Abin da ya fi shi ne a wanke ganye da farko, a yanka daf da lokacin amfani, a zuba shi a ƙarshe, a rufe tukunya na mintuna kaɗan a sauke tun yana da korensa. Zogale da rama suna buƙatar tafasa, amma ana iya rage ruwan a kuma rage lokacin. Game da kanwa, ana sa ta ne don ta kashe tsamin yakuwa da tumatir, ta ƙara wa kuɓewa yauƙi, ta kuma sa ganye ya yi laushi da wuri, sai dai tana lalata bitamin C da wasu daga cikin rukunin bitamin B, kuma tana ƙara wa abinci sodiyam, sinadarin nan na cikin gishiri da mai hawan jini ke gudu. Ɗan ƙanƙani a miyar kuɓewa ba zai rushe komai ba, amma sabon jefa ta a kowace tukunya asara ce.

Busassun kayan miya, kamar kuka da kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa, suna da sauran amfani?

Suna da shi. Busarwa ruwa take cirewa, don haka kalori da ma'adanai da faiba sukan taru. Busasshen tumatir yana da kalori 258 a giram 100 maimakon 18, ba don wani abu ya ƙaru ba, sai don giram 100 na kauɗa ya fito ne daga fiye da kilo guda na ɗanye. Garin kuka yana cikin abubuwan da suka fi kalsiyam a abincin Hausawa, da fiye da miligiram 1,000 a giram 100, ga kuma sinadarin ƙarfe da faiba. Ko da yake abin da ke shiga kwanon mutum ɗaya giram kaɗan ne, gidan da ke shan miyar kuka kusan kullum yana tara wani abu mai auki, musamman a watannin bazara da ɗanyen ganye ke tsada.

Abin da ke salwanta shi ne bitamin C, da kuma kaso mai yawa na karotin idan a tsakiyar rana aka yi shanyar. Ganyen da aka busar a inuwa, inda iska ke ratsawa, yakan riƙe korensa da karotin ɗinsa fiye da wanda rana ta ƙona ya koma ruwan ƙasa. Shanya a gefen kwalta kuma tana jawo ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi, don haka kauɗar da aka saya a kasuwa tana buƙatar wanki mai kyau kafin a kai ta markaɗe.

Nawa ya kamata mutum ya ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 na kayan lambu da kayan marmari a haɗe, wanda ake kasawa gida biyar na giram 80. Ta kuma ba da shawarar babban mutum ya samu faiba giram 25 a rana, alhali kuɓewa da yalo da karas kowannensu wajen giram 3 yake da shi, abin da ke nuna cewa sai an haɗa da wake da hatsin da ba a surfe sosai ba kafin a kai. Tumatir da albasa da tattasan miya suna shiga lissafin giram 400 ɗin, amma idan aka raba tukunya ɗaya ga iyali duka, rabon kowa ba ya kai ko'ina. Fate mai ganye da yawa, da dambu da zogale, da kwaɗo da rana, da yalo ko karas da ake ci tsakanin abinci sun fi saurin kai mutum ga adadin.

Mai ciwon suga ko mai son rage ƙiba zai iya cin kowane irin kayan lambu?

Ganyaye da kabeji da kokwamba da kuɓewa da yalo da tumatir da tattasai duk yana iya cin su ba tare da fargaba ba, kuma shawarar da masana abinci suka fi bayarwa ita ce rabin faranti ya zama irin waɗannan, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i kuma wake ko kifi ko nama. Amfanin hakan shi ne ciki yana cika da kalori kaɗan, faiba kuma tana rage saurin shigar sukari cikin jini. Karas ba abin tsoro ba ne duk da zaƙinsa, domin sukarin da ke cikinsa bai kai giram 5 ba. Dankali da doya da rogo ne ake aunawa kamar tuwo. Shan ruwan da aka jiƙa kuɓewa ko ruwan shuwaka ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kuma ɗacin ganye ba alama ba ce ta cewa yana sauke suga. Haka kuma babu wani kayan lambu da ke narkar da kitse ko teɓa, ko da kokwamba ce da lemon tsami.

Akwai waɗanda ya kamata su yi taka-tsantsan?

Akwai. Fotasiyam yana taimakawa wajen daidaita hawan jini ga mai lafiyayyar ƙoda, amma wanda ƙodarsa ta yi rauni ba ya iya fitar da shi, kuma taruwarsa a jini tana iya rikita bugun zuciya, don haka alayyafo da doya da dankali da tumatirin gwangwani sai da shawarar likita. Mai fama da tsakuwar ƙoda yakan buƙaci rage ganyaye masu okzalet. Mai shan warfarin, maganin da ke hana daskarewar jini, ba a hana shi ganye ba, amma ana so yawan abin da yake ci ya tsaya a kan ma'auni ɗaya, domin bitamin K da ke cikin koren ganye yana rage ƙarfin maganin. Mai hawan jini kuma ya tuna cewa gishirin da aka yarda da shi bai kai giram 5 a rana ba, kuma kusan rabin nauyin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Latas da kabeji da duk abin da za a ci ɗanye suna buƙatar wanki da ruwa mai tsabta ganye bayan ganye, saboda wasu lambunan gefen birni da ruwan kwata ake ba su.

Kayan lambu kaɗai za su iya riƙe mutum?

Ba za su iya ba. Wanda ke son samun kalori 2,000 daga kabeji kawai sai ya ci kilo 8, kuma ko ya iya, bitamin B12 ba ya cikin kowane ganye, a nama da kifi da ƙwai da nono ake samun sa. Wannan ya fi muhimmanci ga ƙananan yara, waɗanda cikinsu ƙarami ne amma buƙatarsu ta ƙarfi babba ce. Yaron da ya kai wata shida ana so a fara ba shi dafaffiyar kabewa ko karas ko garin zogale a cikin kunu, amma tare da gyaɗa ko waken soya ko ƙwai ko ɗan mai, ba a madadinsu ba, kuma ana ci gaba da ba shi nonon uwa.

Me ya sa alƙaluman wani littafi ke saɓa wa na wani?

Iri da ƙasa da taki da lokacin girbi da tsawon kwanakin da kaya suka yi a hanya duk suna sauya abin da ke ciki. Albasar Galmi da ta Aliero ba lallai su zo daidai da wadda aka gwada a Amurka ba, tumatirin da ya nuna a jikin uwarsa ya fi wanda aka tsinka ɗanye launi da laikofin, alayyafon da aka yanko da asuba kuma ya fi wanda ya yini a rana a kan tebur bitamin C. Wani jadawalin na ɗanye ne, wani na dafaffe, wani na busasshe, kuma rashin lura da wannan ne ke haifar da mafi yawan ruɗanin. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawali na musamman na abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta kuma faɗaɗa shi a 2019, kuma a cikinsa ne mai neman alƙaluman kuka da yakuwa da sauran ganyayen yankin zai fi samun abin da ya dace da tukunyarsa.